Saniyar Baffa Samba

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Na koma aiki yau. Kowa a biro, ofishinmu, ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta tashi daga jinya. Sun rasa gaisuwar da ta dace da ni. Ba a gidanmu aka yi rasuwar ba, balle a ce mini ya haƙuri. Mai gadi ne kaɗai ya sami mafita, ya ce, "Madam Haula, ya muka ji da abin ga?" Na ce sai godiya.

Mushe Abdurrazak, wato Malam a faransance, shugaban furojenmu na raya karkara, ya ce in ɗauki hutu in ina so, sannan ya tuna mini da rapor ɗin, rahoton da ake jira a Yamai. Duka biyun da zuciya ɗaya ya faɗe su, shi ya sa ban ji haushinsa ba. Rapor ɗin a kan habbanaye ne: me ke sa makiyayi ya ba mutum aron saniya, ta haifa masa uku, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar ga mai ita? Don amsa irin wannan tambaya aka tura ni jami'a. Na riga na kasa dalilan kashi-kashi a ordinatar, kwamfutar aiki, kowane kashi da launinsa. Neman lada kore ne, neman suna ja, tanadi don baƙar shekara ruwan ɗorawa. Abin gwanin kyau.

Akwai irin wannan saniya ɗaure a bayan gidanmu. Sunanta Wule, ja ce mai farin goshi. Ta Baffa Samba ce, aminin Baba tun ba a haife ni ba. Ta haifi na ukunta, an yaye shi, kuma da ma an yi da Baba cewa zai mayar da ita bayan girbi. Girbi ya wuce.

An yi jana'izar Yazidu ɗan Baffa Samba farkon watan nan. Ƙanena Amiru yana gidan kaso. Na rubuta su kusa da juna, ban sa komai a tsakani ba. Wannan aikin mai shari'a ne, shi ake biya don haka.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Inna ta kai wa Amiru abinci. Ta ce ko zan raka ta. Na ce ina da rapor.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan magariba

Kawu Sha'ibu ya zo, ƙanen Inna, dillalin dabbobi a kasuwa. Tun bai gama cire takalmi ba ya fara yi wa Baba magana.

"Yaya Arzika, ni fa sana'ata ke nan, na san mutanen ga. Bahillace in ya ga saniya zuciyarshi sanyi take yi. Ka kai mishi abarshi tun yanzu, ka haɗa da maraƙin, ka ƙara da damman hatsi. In ya amsa, sai mu tura dattawa maganar yahiya."

Inna ta amsa daga madafa, ko leƙowa ba ta yi ba. "Sha'ibu, ji tsoron Allah. Ɗan mutum guda ka yi ma kuɗi, saniya da maraƙi? Da kai ne uban, amsa za ka yi?"

"To a riƙe ta! Gobe a ce bayan abin da ya faru, har saniyar ma mun cinye."

"A riƙe ta har zukata su huce."

"Yaushe ke nan, Yaya? Ke kin san ranar? Hwaɗi mini in sa a talho, wayata ta tuna mini."

Baba yana zaune a kan buzunsa yana jan casbi. Da suka gaji suka juyo gare shi, sai ya ce Wule ba ta sha ruwa ba, ya tashi ya ɗauki bokiti.

Duka biyun suna da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. In an mayar da ita yanzu, za a ce diyya muka kai, kuma diyyar wulaƙanci. In an riƙe ta, za a ce mun ci amana. Kawu yana son Amiru da gaske, na ga hawayensa ranar da jandarmomi suka zo. Yana kuma son a ce shi ya ƙulla sulhun, a riƙa ba da labari a kara. Ban ga laifinsa ba. Ban san launin da zan ba shi ba ne kawai.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da azahar

Baba ya sayo wa Wule harawa a kasuwa, ya ɗauko ta a ka kamar ɗan dako. Gonarmu ta bakin burtali, inda abin ya faru, tana can cike da harawa, waken ya bushe har yana fashewa a ƙasa, in ji maƙwabta. Ba wanda ya taka can daga gidanmu. Ba wanda ya ce kada a je.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Ba aiki yau, sai kan ya ƙi zama wuri ɗaya.

Na tuna ranar da aka kawo ta. Shekarar da damina ta yanke ce, shanun Baba na noma suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ina hutun jami'a a gida. Baba bai roƙi kowa ba, ba ya iyawa. Sai ga Baffa Samba da sassafe da sandarsa a kafaɗa, Yazidu a bayansa yana jan karsana.

"Kaɗo, hito ka ga baƙuwa! Amma ka ji ni da kyau, ba a ba ta tuwo. Ba 'yar gidanku ba ce, 'yar mutunci ce."

"Kai da ba ka san ƙofar rumbu ba za ka koya mani ciyarwa? Wanga ƙashin da hwata ka kawo mani in yi jinya?"

"Jinya? Kakarta ta sha ruwan Tagris can arewa tun kakanka na bin ɓera a gona!"

Haka suka yi ta yi har Inna ta kawo fura. Baba bai yi godiya ba, Baffa bai jira godiya ba. Ni kuwa ina gefe da littafina na nazarin kyauta da ramuwa, ina ganin na fi su sanin abin da suke yi. Baffa ya dube ni ya ce, "Madam lakwal, 'yar makaranta, rubuta: Samba ya ba Arzika saniya don ya daina ganin huskarshi a murtuke, tana sa nono tsinkewa."

Amiru da Yazidu ne suka kafa mata turke. Sa'o'in juna ne. Sun yi gardama a kan zurfin ramin har suka yi kokawa, suka tashi suna dariya. Turken yana nan.

Ya isa haka.

Talata, 29 ga Oktoba, lokacin hutun rana

Furoje ya shirya taro a kan zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Tun watanni aka tsara shi, ba don mu ba. An cika zaure. An yi tafi a wuraren da ya kamata. Wani wakilin manoma ya ce makiyaya 'yan'uwansu ne na jini, wani wakilin makiyaya ya ce shi ma bakinsa ke nan, sannan suka bi layi ɗaya na karɓar kuɗin zama, suna ture juna. A nan ne na ga 'yan'uwantakar da idona. Ba wanda ya ambaci burtalinmu. Duk wanda ya zo kusa da zancen sai ya dubi inda nake, ya sha ruwa.

Na fita waje. Ɗangoggo mai zane yana ƙarasa allon da aka ba shi kwangila: manomi da makiyayi suna musafaha, saniya a bayansu. Mutanen biyu ya gama su tun jiya, fuskokinsu iri ɗaya kamar ƙosai. Amma tun safe yana kan idon saniyar. Ya sa baƙi, ya goge, ya ɗiga fari, ya ja da baya ya karkata kai, ya koma.

Na ce, "Ɗangoggo, allon nan bakin hanya za a kafa shi. Daga mota wa zai ga ido?"

Ya ce, "Ba kowa, Madam."

"An ƙara maka kuɗi ne?"

"Wa? Mushe? Har hwentin ma sai da muka yi ciniki." Ya yi dariya, ya lakato fari da bakin tsinke. "Ni dai in na bar ta haka, duk na wuce sai in ga tana kallona kamar akuya."

"Mutanen fa?"

"Su ba ruwana da su. Abin da aka ce in zana na zana."

Na tsaya ina kallonsa har aka kira ni ciki in karanta sakamakon taro, wanda na rubuta tun jiya.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Inna ta kai abinci. Ban je ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Na ga Goggo Kadija, matar Baffa Samba, mahaifiyar Yazidu.

Inna ce ta aike ni kasuwa sayen nono, Wule ta ƙafe tun da aka yaye maraƙin. Na shiga layin masu nono ina duba talho, na tsuguna gaban ƙwarya ta farko, na ɗago kai. Ita ce. Ban san ta fara fitowa ba. Ta rame, ba awarwaro ko ɗaya a hannunta. Tashi ba zai yiwu ba, zama ma haka.

Na ce, "Goggo, ina wuni." Ta ce, "Lahiya." Na ce, "Ya haƙuri." Ta ce, "Da godiya." Ba ta dube ni ba. Na miƙa kwano, ta auna mini da ludayi. Da ta gama sai ta ƙara ludayi guda, gyaran da take yi mini tun ina 'yar firamare. Nonon ya riga ya zuba kafin ta ankara. Ta tsaya tana kallon hannun nata kamar na wata. Ni ma shi nake kallo.

Ta ajiye ludayin, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta juya fuska wajen masu tabarmi. Na ajiye kuɗin a gefen zanenta na tashi.

A hanya na yi ta juya abin. Alheri ne? Yafiya? Ko hannu ne kawai da ya saba, zuciya ba ta aike shi ba? Malamaina na Yamai za su ce na uku. Ni ma haka zan ce in wata ce ta ba ni labarin.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da azahar

Ba wanda ya dama fura da nonon. Inna kuma ta hana a zubar.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Mushe Abdurrazak ya karanta rabin rapor ɗin ya ce ya yi daɗi, sai dai masu ba da kuɗi suna son a nuna musu wane dalili ne ya fi rinjaye, kashi nawa cikin ɗari. Na ce to. Zan ba neman lada kaso mai tsoka, suna son jin mu masu addini ne. Zan ba tanadi saura, suna son jin muna da hankali.

Shi Mushe yana aiki don ya gama gininsa a Maraɗi. Sakatariya tana zuwa don na'urar sanyi. Direba yana son hanya, ko ba a aike shi ba sai ya ƙirƙiro aike. Ni da, in an tambaye ni, sai in ce don ci gaban karkara, kuma ba ƙarya nake ba gaba ɗaya. Yanzu ina zuwa don kada in kasance a gida lokacin da Inna take ɗaure kwanon Amiru da ɗankwali. Tana zaɓa masa tsokar da ta fi laushi. Tana sa yaji a 'yar takarda daban, don ba ya son a barbaɗa masa. Ban taɓa himma a aiki irin ta kwanakin nan ba. Mushe ya ce zai yabe ni a gaban manya.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe

Baba yana cire wa Wule kaska ɗaya-ɗaya, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da mu ba ya magana sai amsa gaisuwa. Rigarsa ta yi masa yawa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan magariba

Muna cin tuwo Baba ya ce, "Litinin za ni kai ta." Inna ta ajiye lomar da ke hannunta. Ya ce ita kaɗai, ba maraƙi, ba hatsi, ba dattawa. Kawu Sha'ibu da ya ji labari ya zo a guje, ya ce wannan asarar dama ce, a bari shi ya tsara. Inna ta ce wannan kai wuya ga wuƙa ne. Karo na farko ke nan da na ga su biyun a gefe ɗaya.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je.

An yi wa Amiru aski. Ya fi yadda nake tsammani ƙiba, abincin Inna bai tafi banza ba. Yana saƙa wani abu da zaren buhu, wai wani tsoho a ciki ya koya masa, dabaibayin akuya ne ko igiyar guga, shi ma bai tabbatar ba. Na ce wa zai saya? Ya ce ba na sayarwa ba ne, in ya kai ƙarshe warwarewa yake ya sake. "In hannuna na motsi, Yaya, kaina na yin shiru."

Mun yi zancen zafin ɗakin, da ƙwallo, da babur ɗinsa da ke jingine a zaure. Sai ya ce, "An mayar da Wule?" Na ce jibi. Ya daɗe yana kallon zaren.

"Yaya Haula, wallahi ranar nan ni..."

Na ce, "Ci abincinka, zai huce."

Ya ci. Ni ce mai tambayar mutane dalili, har takardar shaida gare ni a kan haka. Na zauna ina kallon ƙanena yana tauna nama har mai tsaro ya buga ƙofa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da yamma

Na sami Baba a bayan gida yana goge mata ƙaho da man gyaɗa. Na tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, don mi gobe?"

"Lokacinta ya yi, Uwata."

"Za a ce don Amiru ne."

"Za a ce."

"In ya ƙi amsa fa? A gaban mutanenshi?"

"Sai in dawo da ita."

"To don Amirun ne?"

Ya juyo ya dube ni, irin kallon da yake mini ina ƙarama in na yi tambaya a gaban baƙi.  Ya koma kan ƙahon.

"Ranar jana'iza na tahi, na tsaya bayan sahu, na dawo ban ga idonshi ba. Ranar uku ban iya ba. Mutum ba ya zuwa gidan Samba hannu sake, kuma duk abin da na ɗauka nawa ne, zai zama biya. Wagga kaɗai ce tashi." Ya shafa farin goshin. "Ina da wani abin da zan kai mishi?"

Inna ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba. Ta ce in bi shi, ni ce mai bakin boko, ko jandarma ya tare mu. Na aika wa Mushe cewa ba ni da lafiya.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun dawo. Ƙafafuna sun kumbura, takalmin biro ba na daji ba ne.

Mun fita bayan asuba ta hanyar Rumbu, Baba a gaba da igiya, ni a baya. Akwai gajerar hanya ta burtali, Baba ya bi doguwar. Wule tana tafiya tana waige, maraƙin yana kuka a bayanmu har muka daina jin sa.

Rana ta ɗaga muka isa rugar. Yara suka gan mu suka ruga ciki. Wasu samari biyu suka fito suka tsaya da sanduna, ba su ɗaga ba, ba su kuma ajiye ba. Baba ya yi sallama daga nesa. Aka daɗe.

Sannan Baffa Samba ya fito daga bukka. Ya yi wa samarin magana da Fulatanci, kalma biyu, suka koma. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar aduwa. Suka gaisa. Gida lahiya, iyali lahiya, ya gajiya, ya rana, ya dabbobi. Ba wadda aka tsallake, ba wadda aka ƙara. Ni ma ya amsa mini, ya ce, "Haula, an zo lahiya." Baba ya buɗe baki ya ce, "Samba, ya haƙurin..." Baffa ya ce, "Haƙuri na Allah," tun bai kai ƙarshe ba, ya miƙe ya nufi saniyar.

Ya zagaye ta. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya shafa tozo, ya bi bayanta da tafin hannu har wutsiya. Ya sa goshinsa a nata yana yi mata magana da harshensu, doguwar magana, murya a kwance. Ban ji abin da yake cewa ba. Na ji dai wani wuri muryar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Duk abin da bai ce wa Baba ba, ita ya gaya wa.

Ya dawo ya zauna. Ya ce, "Ta yi ƙiba. An riƙe ta da kyau."

Baba ya ce, "Ta ba ni uku. Mata biyu, namiji guda. Allah shi saka."

"Allah shi sa albarka cikinsu."

Ya kwance igiyar daga wuyanta da hannunsa, ya naɗe ta tsaf, ya miƙa wa Baba. Ya amsa ke nan. Ba wanda ya ce diyya, ba wanda ya ce Amiru. Aka kawo mana nono a ƙwarya, wata yarinya ce ta kawo, Goggo Kadija ba ta fito ba. Baba ya sha da yawa, kamar mai cika umarni. Baffa ya raka mu har bakin shinge, daidai inda ake raka baƙo, ya juya.

A hanya Baba ya ce, "Kin gani? Ya amsa." Ya faɗa ya sake faɗa.  Na taɓa ganin Baffa Samba yana ciniki da wani mahauci da bai sani ba, kuma ranar ya fi yau sakin fuska.

Talata, 12 ga Nuwamba, da azahar

Kawu Sha'ibu yana ta yaɗawa a gari cewa an fara sulhu. Inna ta kai abinci da fara'a. Baba ya ci tuwo ya nemi ƙari. Maraƙin bai daina kuka ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je aiki ba.

Da gari ya waye Inna ta buɗe ƙofar zaure za ta yi shara, sai ta yi salati. Wule ce tsaye a ƙofar gida, ƙafafunta duk ƙarangiya, tana jira a buɗe mata kamar kullum. Ta ture Inna ta wuce bayan gida, maraƙin ya yi shiru.

Inna ta ce wannan ishara ce. Na ga fuskar Baba ta washe. Ya ɗebo mata harawa, ya kawo ruwa, ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ce wa Inna ta dama fura mai kyau, ta sa a shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Ya san mai saniya zai biyo sawu, kuma ba zai aiko yaro ba.

Ya zo kuwa, rana ba ta yi zafi ba, shi kaɗai, da sanda da igiya. Ya yi sallama daga tsakiyar hanya. Baba ya fita da sauri har yana tuntuɓe.

"Samba, shigo. Shigo daga ciki, ga tabarma."

"Nan ma ya yi."

"Ka ga 'yar banzar ga, ta saba da tuwo." Baba ya yi dariya, ya jira. Ba a taya shi ba.

"Dabba ce," in ji Baffa. "Inda ta daɗe nan ta sani."

Ni na jawo ta waje. Ta turje a zaure, Baba ya tura ta daga baya, Baffa ya sa mata igiya. Su biyu suka yi ta fama da ita a ƙofar gida, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai kallon wani. Maƙwabta sun leƙo ta katanga.

Da ta tsaya, Baffa ya ce, "Ka kai maraƙin wani gida kwana biyu, kada ta ji muryarshi. Bayan haka ba komi. Jibi muna tashi."

"Ina?"

"Arewa."

"Da rani? Ruwa fa? Ga karan gonata nan ban bari an taɓa ba, naka ne kamar kowace shekara."

"Allah shi saka. Ka ba wani."

"Sai yaushe ke nan?"

Baffa ya gyara igiyar a hannunsa. "Yaron shi ne mai son nan," ya ce.

Inna ta fito da ƙwaryar fura, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya dube ta, ya gaishe ta da kyau, ya tambayi lafiyar gida. Ya ce, "Na gode, Balkisu. Azumi nike."

Ya ja saniyarsa. Tana tafiya tana waige, shi bai waiga ba. Baba ya bi su har bakin kwalta, ya tsaya, rigar Juma'ar duk gashin saniya. Yana can har yanzu, ina hango shi ta taga.

Inna ta shigo da furar ta ajiye kusa da ni. Na ce, "Inna, yau Laraba." Ta ce mutum na iya ramuwa kowace rana. Ta faɗa tana kallona, tana jira in ce haka ne, ni da na yi karatu.

Na ce haka ne.